Panther ɗin da Jamusawa suka yi wa shigar M10: yadda za ka haɗa ƙaramarta alhali hotunan ba su da yawa

Ƙanena, tambayarka ita ce kana son haɗa ƙaramin samfurin tankar nan ta Jamus, Panther, wadda aka lulluɓe da fallen ƙarfe don ta yi kama da M10, motar farautar tankoki ta Amurka, a faɗan Ardennes na yaƙin duniya na biyu, a ma'aunin 1/35, wato an rage girman gaske sau 35, to amma duk zanen da ka samo a intanet ya saɓa da ɗan'uwansa, hotunan kuma 'yan kaɗan ne, ka rasa wanda za ka bi. Amsar a taƙaice: ka ajiye zanen nan gefe tukuna, ka zaɓi tanka guda ɗaya tak daga cikin waɗanda aka ɗauka a hoto, ka zaɓi ranar da kake son nuna ta, sannan ka bi hoto. Yanzu bari in yi maka ta dalla-dalla don aikin da ɗan tsawo.

Sai ka san me ya haifar da tankar kafin ka yanka komai, don tarihinta ne zai gaya maka yadda ya kamata ta fito. A watan Oktoba na 1944 Hitler ya ba wani hafsan sojansa, Otto Skorzeny, aikin haɗa wata runduna, Panzerbrigade 150, wadda za ta sa kayan sojan Amurka ta shiga motocin Amurka ta kutsa ta kama gadojin kogin Meuse a Beljiyam kafin a fasa su. A Grafenwöhr ta Jamus aka tara su. Ya nemi tankokin Amurka da aka ƙwace, abin da ya samu Sherman biyu ne kacal, su ma ba lafiya, shi ne aka ce to a ɗauko Panther Ausf. G, wato samfurin G na Panther, a yi mata kwalliya. Mafi yawan masu tarihi biyar suke cewa an yi wa wannan aiki. An fara farmakin ranar 16 ga Disamba 1944, hanyoyi suka cunkushe, shirin gadoji ya wargaje, sai aka juya rundunar ta kai hari garin Malmedy na Beljiyam ranar 21 ga Disamba, kuma a nan aka bar huɗu daga cikinsu. Su ne masu lamba B4, B5, B7 da B10. Ko ɗaya ba ta rage a duniya yau, ba gidan tarihin da za ka je ka sa rula ka auna. Abin da muke da shi hotunan da Amurkawa suka ɗauka bayan faɗan, baƙi da fari, yawancinsu mutum na tsaye a ƙasa ya ɗauka, sai wani rahoto da masu binciken makamai na sojan Amurka suka fitar a 1945 bayan sun duba gawarwakin tankokin. Kusan duk zanen da kake gani daga waɗannan abubuwa biyu aka ciro shi, inda suka yi shiru kuma mai zane ya cike da tunaninsa, shi ya sa kowa da nasa.

To ni yadda nake yi da irin wannan aiki, takarda nake ɗauka in raba duk wani ɓangare na tankar gida uku. Akwai abin da ido ya gani a hoto ko rahoton ya faɗa ƙarara. Akwai abin da ba a gani ba amma hankali ya wajabta shi, saboda a ƙarƙashin fallen nan Panther ce ta masana'anta kuma ita an san ta ciki da bai. Sai na uku, hasashe zalla. Na farko ba ka taɓa shi ko da ya yi maka muni, na biyu ka koma ga Panther ta asali, na uku kuma ka yi abin da ya fi sauƙi ka san cewa kai ka yi shi. Misalin na biyu: garkuwar igwar Panther G tana da ƙaramar huda a hagu inda mai harbi yake hangen abin hari, to duk irin fallen da aka ɗora a kai dole ya bar wa wannan huda hanya in ba haka ba makauniyar tanka aka tura fagen daga. Ko hoton da ke hannunka bai fito da ita ba, ka huda.

Rahoton nan shi ne ƙashin bayan aikinka. Ya ce kan tankar, wato ɓangaren da ke juyawa da igwa, falle biyar aka yi masa: biyu a gefe da aka yanka siffar kan M10 aka lanƙwasa bakinsu aka ƙarfafa su da ƙaramin angul, ɗaya aka yi garkuwar igwa ta ƙarya da shi aka liƙa a kan ta gaskiya, biyu kuma a baya, ɗaya gangaren ƙasa ɗaya kuma kwaikwayon nauyin nan da M10 take ɗauke da shi a ƙeya don ya daidaita nauyin igwa. An huda garkuwar a dama saboda mashinga MG 34, hudar da M10 ta gaskiya ba ta da ita kwata-kwata. Gaban tankar kamar falle huɗu ne, na ƙasan ya fi kauri kuma an kumbura shi ya yi kama da gidan giyar M10, an yanka taga mai kusurwa huɗu don mashingar gaba, da murfi da aka ɗaure da 'yar sarƙa. A gefe an rataya dogon falle don ya ba da siffar sulken M10 da ke saukowa ya lanƙwashe ciki. Bayan ma an rufe shi, an bar huda biyu salansa ta fito. Hasumiyar kwamanda da ke saman kan Panther, mai madubai a kewaye, an cire ta gaba ɗaya aka sa murfi biyu masu siffar rabin da'ira. Kayan aikin da Panther take ratayawa a jikinta, su shebur da gatari da sauransu, an kwashe. Zobban ɗagawa da ƙusoshin nan masu faɗin kai da ke jikin M10, waɗanda aka tanada don ɗaura ƙarin sulke, duk an kwaikwaya an yi musu walda. Ka ga kenan ka san adadin falle da inda kowanne ya zauna, abin da ya rage maka shi ne tsawo da faɗi da kusurwa, su kuma a hoto za ka same su.

Yanzu ga inda mafi yawan masu haɗa tankar nan suke faɗuwa, kauri. Fallen da aka yi amfani da shi a kai da gefe wajen milimita 3.5 ne. Raba da 35, ya ba ka 0.1. Kauri kenan kamar na takardar rubutu. Robar da take zuwa a kwalin haɗi sau da yawa takan kai milimita 1, wanda in ka mayar da shi girman gaske ya zama sulke mai milimita 35, ninki goma kenan, shi ya sa za ka ga mutum ya gama aiki tsaf ya yi fenti mai kyau amma abin ya fito kamar wata sabuwar tanka da aka ƙera a masana'anta, alhali abin da ake son mai kallo ya gani shi ne Panther ce ta sa rigar aro, rigar ma ta yi mata ɗan yawa. Duk daɗin samfurin nan a nan yake. Bakin fallen ya zama siriri, a ga 'yar rata tsakaninsa da jikin gaske, in an leƙa ta sama a hango kan Panther a ciki da angul ɗin da ya riƙe fallen, wani wurin ya ɗan lotsa wani ya ɗan karkace.

Hanya biyu ce a gabanka. Kamfanin Dragon ya taɓa fitar da wannan tanka a 1/35 da fallenta, in ka same ta to ka rage rabin wahala, sai dai ka bi duk bakin da ido zai gani ka kankare shi ta ciki da reza har ya yi siriri, ba sai ka rage duka fallen ba, baki kawai, ido ba ya ganin tsakiya. Hanya ta biyu, wadda ni na fi so, ka sayi Panther G ta yau da kullum, ta Tamiya ma ta wadatar don haɗinta ba ya ba da ciwon kai, ka yanka fallen da kanka. Farantin roba na masu wannan sana'a akwai mai 0.13 akwai mai 0.25, na farkon shi ya fi kusa amma gam ɗin roba mai ruwa yana narkar da shi ya yamutse in ka cika hannu, na biyun ya fi juriya sai ka kankare baki. A wajenmu samun irin wannan faranti sai an yi oda daga waje a jira, to gwangwanin lemo na alminiyam kaurinsa kusan 0.1 ne daidai, wallahi kamar don wannan aiki aka yi shi. Ka yanke sama da ƙasa da almakashi, ka tsaga, ka ja shi a bakin tebur ta ɓarin da ya saɓa wa naɗinsa har ya miƙe, sannan ka goge fuska biyun da samfefa mai laushi don akwai wani shafi a ciki da fenti a waje da ba sa barin gam ya kama. Wajen lanƙwasa ka ja layi da bayan reza, kar ka danna ya yanke, ka ɗora rular ƙarfe ka ɗago. Sau ɗaya ake lanƙwasa shi, in ka mayar ka sake zai karye. Gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe, sai sufa gulu, ɗan ɗigo a bakin tsinken sakace. Ka kula da yatsunka kuma, bakin gwangwani ba ya wasa. Amfaninsa a kan roba shi ne in ka ɗan danna shi da yatsa yana lotsawa irin lotsawar ƙarfen gaske, abin da roba ba za ta taɓa yi maka da kyau ba. Angul ɗin ma daga shi za ka yanko, siririn tsiri ka naɗe shi biyu. Zobban ɗagawa da 'yar sarƙa ka samu wayar tagulla ta cikin tsohuwar caja ko ta masu rewayin fanka.

Kar ka fara yanka gwangwani kai tsaye. Kwali mai laushi irin na kwalin magani, da shi za ka fara, ka yanka ka manna da salatif a jikin kan robar, ka ɗaga tankar ka riƙe ta daidai kusurwar da aka ɗauki hoton, ka ɗauke ta da waya daga nesa kaɗan ka jera hoton biyu. In layin bai zo ɗaya ba ka sake yankawa, kwali ba tsada. Sai ya zauna sannan ka ɗora shi a kan alminiyam ka zana.

Batun awo daga hoto, akwai dabara mai sauƙi. Tayar Panther, wadda sarƙa take bi ta ƙarƙashinta, faɗinta milimita 860 ne, a 1/35 ya kama 24.6. In kana da hoton da aka ɗauka ta gefe sosai, ka buga shi a takarda kana ƙara girma ko ragewa har tayar ta zama 24.6, to duk abin da ke layi ɗaya da tayar ya zama ma'auninka, ka sa rula kawai. Amma fa wannan fallen gefe kaɗai zai yi maka daidai. Kan tankar ya fi tayoyin nisa da kyamara don haka zai fito ƙarami kaɗan, shi sai ka auna shi da abin da ke kusa da shi wanda ka san girmansa, kamar kaurin bututun igwa. Hoton da aka ɗauka ta kwana kuwa kar ka sa masa rula sam, ka yi amfani da shi wajen ganin ina falle ya fara ina ya ƙare idan aka kwatanta da abin da ke ƙarƙashi, misali ya tsaya daidai taya ta nawa. Sannan akwai gwajin da ba ya ƙarya: bayan ka manna kwalin ka juya kan tankar zagaye guda. In ƙeyar ƙaryar nan ta bugi wani abu a saman inji, ko gefen ya hana ƙofar direba buɗewa, to awonka ne ba daidai ba, don waɗanda suka yi ta yaƙi za su shiga da ita.

Wani zai ce maka ka sayi samfurin M10 ka cire kanta ka ɗora, ko ka kwafi awonta. Kar ka yi. M10 gangar jikinta wajen mita 5.97 ce, Panther 6.87, a teburinka bambancin ya kai santimita biyu da rabi, nauyi ma ɗaya ba ta kai tan 30 ba ɗaya wajen tan 45. Masu waldar ba awon M10 suka bi ba, siffarta suka bi suka ja ta har ta rufe kan Panther. M10 kuma samanta a buɗe yake, ita wannan rufin Panther yana nan daram. Hoton M10 zai yi maka amfani ne kawai don ka gane me suke ƙoƙarin kwaikwaya, kamar jerin ƙusoshin nan, amma adadinsu da inda suka zauna a hoton tankar da ka zaɓa za ka ƙirga.

Daga nan sai abin da na fi jaddadawa duk wanda ya tambaye ni: kar ka gyara wa Jamusawa kuskurensu. Hannu yana ƙaiƙayi, ka ga abu ba daidai ba ka so ka daidaita. Igwar Panther, 7.5 cm KwK 42, doguwa ce ga ƙullutu a baki mai rage ja da baya, ta M10 mai inci 3 ba ta da shi, kuma sun bar shi a wurin, kai ma ka bar shi. Tayoyi takwas-takwas masu shiga juna a kowane gefe, da sarƙa mai faɗin milimita 660, ba abin da aka yi musu don ba yadda za a yi a ɓoye su, M10 tayoyinta ƙanana ne shida a gefe, bibbiyu. Lambobin gaba ma haka, sun rubuta alamar rundunar Amurka ta 5 ta masu sulke, bataliyar tankoki ta 10, kamfanin B, wato 5 da alwatika, 10 da alwatika, sai B da lambar tankar. Ita kuwa wannan bataliya Sherman take amfani da ita, M10 tana hannun bataliyoyin farautar tankoki ne masu alamar TD. Duk sojan Amurka da ya san aikinsa zai ga abin bai hau ba. Shi kansa Skorzeny daga baya ya nuna cewa shigar ba za ta ruɗi kowa ba sai sabon soja, shi ma da dare kuma daga nesa. In ka sa TD don ka ga ya fi dacewa to ka ƙirƙiro tankar da ba a taɓa yi ba. Akwai kuma haruffan XY da ake gani a gaba, su ma ka sa yadda suke. Taurarin fari ka duba hoton taka da kyau, girmansu, inda suka zauna, da zobe ko babu, kar ka ɗauko na B4 ka manna wa B10. In za ka iya ka yanka sitensil a tef na takarda ka fesa, ya fi sitika ta ruwa kama da aikin hannu, musamman a kan fallen da ya lotsa inda sitika ba ta kwanciya.

Dalilin da na ce tanka ɗaya ke nan. Panther G an ƙera ta daga Maris 1944 har ƙarshen yaƙi a masana'antu uku, MAN da Daimler-Benz da MNH, kuma ana ta canje-canje wata-wata. A Satumba 1944 aka daina shafa Zimmerit, wannan kwaɓin mai layi-layi da ake shafawa don nakiyar maganaɗisu kar ta kama. A watan ne kuma aka fara garkuwar igwa mai haɓa a ƙasa. Daga Oktoba wasu suka fara zuwa da tudun fanka a hagun saman inji na ɗumama ɗakin ma'aikata, da sabon salansa mai kashe harshen wuta. Ba dole ne tankoki huɗun nan su zama 'yan wata ɗaya ko masana'anta ɗaya ba, to in ka tsinci saman inji daga hoton wannan, salansa daga na waccan, ka haɗa tanka ta biyar da ba ta cikin hoton kowa. Abin daɗin shi ne fallen ya rufe maka rigima da yawa, garkuwa mai haɓa ce ko marar haɓa ba mai gani, kar ka ɓata dare a kanta. Zimmerit kuma ka neme shi a wuraren da falle bai rufe ba. Don ganin yadda Panther G take a zahiri, akwai waɗanda suka rage a yankin Ardennes ɗin kansa, a Houffalize da Grandmenil da Celles, hotunansu sun cika intanet, amma sun sha ruwa da rana shekara da shekaru an sha yi musu fenti, wasu sassan sun ɓace. Ta gidan tarihin Bovington a Ingila kuwa bayan yaƙi aka harhaɗa ta ƙarƙashin kulawar sojan Birtaniya, don haka ka ɗauki siffa a wurinta amma kar ka ɗauki launi.

Launi shi ne inda ake ta musu ba a gamawa. An yi musu koren soja mai duhu irin na motocin Amurka, wannan kam an sani, amma hoto baƙi da fari ba zai raba maka kore da kore ba, kuma ka yi hattara da hotunan da aka sa wa kala da kwamfuta, kalar mai gyaran ce. Ka ɗauki koren Amurka na kowane kamfanin fenti, ka ɗan haskaka shi da rawaya mai duhu saboda ƙaramin abu yana shan duhu fiye da babba. Ni nakan yi fentin Jamus a ƙasa tukuna, rawayar nan mai duhu RAL 7028 ko jan share fage, wato fentin farko da ake shafa wa ƙarfe, RAL 8012, sannan in fesa koren a sama in bar ƙasan yana ɗan leƙowa a bayan tayoyi da ƙarƙashin gangar jiki da kan Panther na ciki da falle ya kare, don aikin gaggawa ne kuma mai feshi ba zai kwanta a ƙasa yana bin lungu ba. Wannan yana cikin gida na uku fa, hasashe ne mai dalili, in wani ya tambaye ka ka gaya masa haka. Cikin fallen shi ma ka bar shi ƙarfe mai duhu da ɗan burbushin kore. Ka tuna ka yi fentin ciki kafin ka manna, bayan ka manna buroshi ba zai shiga ba. Alminiyam kuma sai ka fara fesa masa share fage na ƙarfe, irin na gwangwanin feshi da masu fentin mota suke amfani da shi ya isa, siriri-siriri daga nesa. In lokacin hunturu ne ka yayyafa ruwa a ɗakin ka kife kwali a kan aikin da zarar ka fesa, ƙura ɗaya a 1/35 tsakuwa ce.

Akwai alamar da rundunar ta shirya don 'yan'uwansu kar su harbe su: ƙaramar alwatika rawaya a bayan mota, tankoki kuma su juya igwa hagu, wajen ƙarfe tara na agogo. In tafiya kake son nunawa kafin faɗa, juya kan haka zai ba samfurin labari, kuma zai fito da ratar da ke tsakanin falle da jiki sosai.

Sai tsufa da datti. Ka riƙe hannunka. Fentin nan makonni kaɗan ya yi a duniya kafin 21 ga Disamba, to tsatsa mai zuba da ɓarewar fenti ko'ina ba su da wuri a kan fallen. Abin da ya dace shi ne taɓo, mai yawa, a tayoyi da sarƙa da ƙasan gaba, da ɗan ƙarce inda reshe ko bango ya goga, da baƙin hayaƙi kewaye da hudar salansa. Sarƙa da tayoyi su za su fi nuna amfani don su ba sababbi ba ne kamar rigar. A nan ne zaɓen rana yake da muhimmanci. Kwanakin farko na farmakin hazo ne da sanyi da caɓi, ranar harin Malmedy ma cikin hazon asuba suka taso, dusar ƙanƙara mai kauri da kake gani ta lulluɓe tankokin a hotuna ta kwanakin baya ce, lokacin sun riga sun mutu. In tanka mai rai kake so, ma'aikata a ciki, to taɓo da danshi. In gawa kake so kamar yadda mai hoto ya same ta, to a nan kana da hujja mafi ƙarfi don kusan duk hotunan na wannan hali ne, kuma dusar za ta rufe maka saman inji da rufin da ba ka da tabbacinsu, babu ha'inci a ciki tunda haka hoton yake. Sai dai ka lura abin da ka gani a gawa ba lallai haka yake tana da rai ba, falle ya ɓalle, wani sojoji sun cire, wata an ture ta daga hanya. Ɗaya daga cikinsu ta ƙare ne jikin wani gidan shan shayi a La Falize kusa da Malmedy, hoton ya shahara, in kana son fili mai gini a ciki ga shi nan a shirye. Hudar harsashi a falle siriri yagewa take yi ta lanƙwashe, ba ta yin rami mai tsafta irin na sulke, allura mai kauri a alminiyam za ta ba ka wannan.

In za ka sa sojojin Amurka a filin, waɗanda suka tare harin sun haɗa da rejimanti ta 120 ta runduna ta 30, da bataliya ta 99 wadda yawancinta 'yan asalin Norway ne, da injiniyoyin bataliya ta 291. A wannan rana ce Francis Currey na rejimanti ta 120 ya yi faɗan da ya sa aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, kusa da masana'antar takarda da gadar kogin Warche. Kar kuma ka haɗa wannan da kisan fursunonin Amurka da aka yi a mararrabar Baugnez ranar 17 ga Disamba, mutane suna cakuɗa su saboda sunan Malmedy, wancan aikin rundunar wani kwamandan Jamus mai suna Peiper ne, runduna daban rana daban.

Ƙofofi ka rufe su duka in ban da murfin kwamanda, shi ma in ka buɗe ka tsayar da mutum a ciki ya toshe ramin. Yadda madafin murfin nan biyu yake ka yi shi mafi sauƙi, 'yar waya da tsiri biyu, irin abin da mai walda zai yi cikin sauri. Layin walda a falle siriri ƙarami ne, in ka yi shi da foti, kwaɓin nan na cike rami, ka murza shi kamar zare, kar ya kai kaurin waldar sulken Panther da ke kusa da shi, bambancin su biyun ma abin kallo ne. Ramukan da kamfani ya bari a gefen gangar jiki don kayan aiki ka cike su da foti ka goge tunda an kwashe kayan. Ka fara da kan tankar don shi ya fi wuya kuma shi ido yake fara sauka a kai, in ya zauna sai gaba, sai baya, dogon fallen gefe kuma ka bar shi sai ka gama fentin tayoyi ka ɗaura sarƙa, don in ka riga ka manna shi sarƙar ba za ta shiga ba.